Kakin Mazan Jiya: Ka Sayi Tsoho Ko Ka Kai Wa Tela?

Mutum biyu suka same ni da magana ɗaya a cikin wata guda, kuma ba su san juna ba. Na farko ɗan yayata ne, shi ke jagorantar wata ƙungiyar ƴan teyatur ta ɗalibai a nan Yamai, suna shirin wasa a kan tsoffin sojan Faransi da suka dawo gida bayan yaƙin Hitila. Na biyu abokin shan shayina ne a fada, mutum mai son tara tsoffin kaya: kuɗin da aka daina karɓa, tambur na wasiƙa, hotunan zamanin kumandan. Kowannensu an nuna masa tsohuwar rigar soja da jar dara da hular kwano mai hoton anka a goshi, wato ƙugiyar nan da ake tsayar da jirgin ruwa da ita. An ce musu kayan tirayer ne, wato ƴan Afirka da suka yi wa Faransa soja, an yanka musu kuɗi masu nauyi. Tambayarsu ɗaya: mu saya, ko mu kai wa tela ya ɗinka mana irinsu?

Dukansu na ce su riƙe kuɗinsu tukuna, amma ba don dalili ɗaya ba. Ɗan yayata, ko kayan na gaske ne ba za su yi masa amfani ba. Abokina kuwa na gasken yake buƙata, sai dai abin da aka nuna masa ba shi da shaidar da za ta tsaya masa. Zaɓin ma ba biyu ba ne kamar yadda suka ɗauka. Akwai kayan da suka fito daga gidan mai su, da sunansa da takardunsa. Akwai tsoffin kaya marasa uba, waɗanda suka bi hannu goma kafin su iso tabarmar dillali. Sannan akwai sabon ɗinki da ba ya ɓoye cewa sabo ne. Na tsakiyar nan shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi daɗin labari a bakin mai sayarwa, shi kuma ya fi cin kuɗin mutane.

Rundunar da Faransawa suka kira tirayer na Senegal an kafa ta a 1857 zamanin gwamna Faidherbe, amma sunan ne kawai na Senegal. Daga baya ko'ina aka riƙa ɗibar samari a Afirka ta Yamma, har da ƙasar nan. Wasu da son ransu suka shiga, da yawa kuma sarki ne ya miƙa su don cika adadin da kumandan ya yanka wa gari. Wajen mutum 200,000 aka ɗiba daga yankin a yaƙin 1914 zuwa 1918, aka sake ɗiba a na 1939 zuwa 1945, aka bi da Indoshin daga 1946 zuwa 1954, sannan Aljeriya. Ko Oumarou Ganda, wanda gidan raya al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi soja a Indoshin kafin ya shiga harkar silima.

Jin wannan yawa sai mutum ya zaci kowane gida akwai kaki kwance a adaka. Ina fa. Kaki kayan gwamnati ne, abin da soja ya dawo da shi kaɗan ne, kuma wanda ya dawo da shi bai ajiye don tarihi ba, sawa ya yi. Babbar kwat ta zama bargon lokacin ɗari, wando ya tafi gona, rigar kirki guda ita ake fitowa da ita ranar karɓar fansho ko ranar fareti. Abin da sawa ta bari, gara da asu da ɓera suka ƙarasa. Saboda haka in aka kawo maka cikakken kaki daga hula har takalmi, ba huda ba faci, aka ce a wani ƙauyen Adar aka tsinto shi, kyan nan nasa shi ne abin tuhuma na farko.

Tambayar da nake fara yi wa mai kaya ita ce: na wace shekara ne? Yawancinsu a nan suke fara tuntuɓe, don a wurinsu tirayer ɗaya ne, kakinsa ɗaya. Alhali kafin 1914 kayan ulu na tirayer shuɗi ne mai duhu, da jar dara da doguwar jar ɗamara da ake naɗawa a ƙugu. A 1915, lokacin da sojan Faransa na can gida suka koma shuɗi mai haske, rundunonin Afirka kaki aka ba su mai ɗan rawaya-rawaya. A shekarar ce kuma hular kwano da ake kira Adrian ta fito, mai tudu a bisa kamar zankon zakara. Ta 1915 guntaye aka harhaɗa, kwanon daban, bakin gaba da na baya daban. Ta 1926 kuwa kwano da baki duk ƙarfe ɗaya aka buga. Wanda ya nuna maka hula mai ƙarfe ɗaya ya ce ta je fagen Chemin des Dames a 1917, ka gaishe shi ka wuce. Wanda kuma ya ce da hular kwano aka yaƙi Sarauniya a Lugu a 1899, wannan ko lissafin shekaru bai yi ba.

Kayan ulu masu kauri na sanyin Turai ne. Sanyin nan ya nakasa ƴan Afirka da yawa, har ya zama in hunturu ya shigo ana janye su zuwa bariki a Fréjus, kudancin Faransa. Wanda ya yi aikinsa a Damagaram ko Agadas ko Tawa, kakin auduga ya sa. Akwai kuma gardi, masu tsaron ofishin kumandan da karɓo bodo, waɗanda su ma kaki da jar dara suke sawa, da yawansu ma tsoffin tirayer ne. Rigar da aka samu a adakar kaka tana iya zama ta aikin gardi ba ta yaƙi ba. Tarihi ce ita ma, amma wani tarihin daban, kuma mai saye ya kamata ya san wanne yake biya.

Yaƙin Hitila shi ya fi rikita mutane. Afirka ta Yamma ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Hitila, har Nuwamba 1942. Daga 1943 Amurka ce ta tufatar da rundunar Faransa ta Afirka ta ba ta makamai, don haka waɗanda suka sauka gaɓar Provence, kudancin Faransa, a watan Agusta 1944 galibi kayan Amurka ne a jikinsu, sai ƴan alamomin Faransa da aka liƙa. Na taɓa ganin mutum ya raina rigar kakansa don ya ga rubutun Ingilishi a ciki, ya ce ai wannan bosho ce. Mai yiwuwa ita ce ta gaske. Sai dai kuma miliyoyin irinta Amurkawa suka ɗinka, bayan yaƙi ragowar ta malala kasuwannin duniya, saboda haka ƙyallen rubutun nan shekarar rigar kawai zai faɗa maka, ba zai faɗa maka wanda ya sa ta ba.

Mu da ke da Ƙonni a ƙofar gida akwai ƙarin ruɗani. Ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka Ingilishi suka yi wa soja, a rundunar iyakar Afirka ta Yamma, su ne suka je yaƙin Bama. Su ma jar dara da jar ɗamara suke sawa ranar fareti. Amma alamarsu itacen kwakwa ce, ba anka ba. Kayan ɓangarorin biyu sun daɗe suna ƙetare iyaka tare da goro da atamfa, kuma na ga riga guda ɗauke da maɓallai na sarauta biyu.

To anka ɗin fa, ba ita ce shaida ba? A'a. Rundunar mulkin mallaka ta Faransa an sauya mata suna, tun 1961 ana kiranta rundunar ruwa, kuma har yau anka take sawa. Maɓalli mai anka yana iya zama na 1916, yana iya zama na shekaranjiya. Jar dara ma haka. Tun kafin nasara ya zo fatake ke kawo ta daga arewa, dogarai da malamai da ƴan sarki duk sun sa. Jar dara ita kaɗai ba ta shaidar komai sai cewa ja ce.

Ni ma an taɓa cina a nan, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Shekarun baya na sayi hular kwano a hannun wani mai tsoffin kaya, na kai gida ina murna. Hular kam tsohuwa ce, ba ƙarya. Amma alamar goshi da ƴan kunnuwa biyu ake maƙala ta cikin tsaga biyu, yaro ma zai iya cirewa ya sa wata. Da wani dattijo masanin abin ya ɗaga ankar kaɗan, sai ga fentin ƙarƙashinta ya koɗe daidai da na waje, ga kuma inuwar wata alama daban da ta daɗe a wurin. Da ankar ta yi shekara tamanin a kan hular, fentin da ta rufe zai fi na kewaye duhu, siffarta kuma ta kwanta a jiki. An ƙera irin hular nan miliyoyi, sojan ƙasa da ƴan kwana-kwana da ƴan sanda duk sun sa. Sai a samu ta kowa da kowa, a liƙa mata anka ko jinjirin watan rundunonin Arewacin Afirka, kuɗinta ya tashi. Dattijon ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, kama da wane ba wane ba ce."

Ga wanda ya nace sai ya sayi tsoho a kasuwa, akwai gwaje-gwajen da ba sa buƙatar komai sai ido da hanci da haƙuri. Ka nemi izinin mai kaya ka zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa, ka kusantar da ashana. Ulu warin babbakar kan rago yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Auduga warin takarda take yi. Tergal da danginsa narkewa suke su dunƙule kamar ledar da ta faɗa wuta, kuma wannan yadi bai shiga kasuwa ba sai shekarun 1950, don haka ba shi da abin yi a rigar 1940. Ka gwada zaren ɗinkin ma, ba yadin kaɗai ba, musamman wanda aka ɗinke galo da maɓallai da shi, don a nan ake yin ƙari. Ɗinkin keke kuwa ba laifi ba ne, kayan soja tun ƙarni na 19 da keke ake ɗinka su.

Ƴar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana taimakawa. Farin zare da farin ƙyalle na zamani walƙiya suke yi a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari da ake sa musu, na da kuwa shiru. Amma kada ka yanke hukunci da ita kaɗai. In Inna ta taɓa wanke rigar da omo, ita ma za ta yi walƙiya ko da ta girmi Inna.

Sai tsufan kansa. Tsufan gaskiya ba ya bin riga daidai wa daida. Wuya da bakin hannu da hammata da bakin aljihu su ke fara ci. Kafaɗa da baya rana ta koɗar da su, amma in ka ɗaga murfin aljihu ko ka juya wuyan sai ka tarar da launin asali yana nan. Rigar da aka jiƙa a ruwan shayi aka birkiɗa a ƙasa ko'ina launinta ɗaya, ciki da waje. Tsatsar da aka yi wa ƙarfe da ruwan batir ja ce jawur, tana bin yatsa, ta shekaru kuwa baƙi-baƙi ce, ta kama jiki. A cikin rigar Faransa ta gaske sau da yawa akan samu hatimin tawada na masaƙa ko na masu karɓar kaya, da awo, wani lokaci da shekara. Hatimin da ya fi rigar sabunta, an buga shi ne domin kai.

Duk wannan in ya yi kyau, abin da ka tabbatar shi ne rigar tsohuwa ce. Ba ka tabbatar ɗan Tawa ko ɗan Doso ya sa ta ba. A nan kayan gida suka yi wa kayan kasuwa nisa, kuma a nan nake so abokina ya zuba kuɗinsa da lokacinsa. Kowane soja yana da ɗan littafin aikinsa mai ɗauke da sunansa da lambarsa da garinsu da rundunar da ya bi da wuraren da aka kai shi. Akwai ƴar farantin ƙarfe ta shaida da ake ɗaurawa a hannu ko a wuya, akwai katin tsohon soja, akwai takardun fansho, akwai hoton da aka ɗauka a bariki. In lambar da ke littafin ta yi daidai da wadda aka rubuta a cikin rigar, ko hoton ya nuna mutumin sanye da ita, to ka riƙe abin da babu irinsa na biyu a duniya. Riga mai faci uku da littafinta ta fi riga goma masu ƙyalli marasa suna. Ana kuma iya bin sawun lambar: takardun tsoffin sojan da aka ɗiba daga ƙasashen mulkin mallaka suna ajiye a cibiyar adana takardun soja ta garin Pau a Faransa, waɗanda suka mutu a fagen daga kuma ana samun sunayensu a rumbun Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa a intanet. Sai ka yi haƙuri da rubutun suna, don magatakardan nasara yadda kunnensa ya ji yake rubutawa.

Lambobin girma su ma haka suke. Na Faransa galibi ba a rubuta sunan mai su a jiki, ba kamar na Ingilishi na yaƙin 1914 ba da ake buga suna da lamba a gefe. Kuros ɗin yaƙi da aka ƙirƙiro a 1915, mai koren ƙyalle da jan ratsi, an raba shi da yawan gaske, kuma har gobe ana ƙera irin waɗannan lambobi ana sayarwa. Darajar tana ga takardar da ta ce wane ɗan wane aka ba, a rana kaza, saboda abu kaza. In iyali suka ba ka lambar suka riƙe takardar, ƙarfe ka saya.

Batun kuɗi ba ni da farashin da zan yanka wa kowa, amma akwai lissafin da ke hana asara. Dillali zai nuna maka waya ya ce duba abin da ake sayar da irinta a Turai. Kuɗin da aka nema ba shi ne kuɗin da aka biya ba, kuma can ana biya ne da shaidar masana da damar mayar da kaya. In kai ne za ka sayo daga can, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato yuro 100 ya kai sefa 65,600 kafin ka sa kuɗin aike da na duwan, ga shi cinikin biri a sama za ka yi, hoto kawai ka gani. Sannan ka tambayi kanka wa zai saya a hannunka ranar da ka matsu. Masu tara irin waɗannan kaya a Yamai ƴan kaɗan ne, kusan duk sun san juna, sun kuma san hular wane ce aka sauya wa alama. Fitar da kayan tarihi waje ba abu ne na gaban kai ba, akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ke kare kayan tarihin ƙasa, sai an bi ta ma'aikatar al'adu. Wanda ya shiga wannan harka don riba, gara ya sayi tumaki.

Shi kuwa ɗan yayata, maganarsa ta fi sauƙi, ko da yake ya fi gardama. Ya ce, "Kawu, in mutane suka ji na asali ne ai wasan zai fi shiga jiki." Na ce masa mutum nawa ne a wasan? Ya ce sojoji tara. Na ce to riga ɗaya wa za ka ba, sauran takwas kuma su sa me? A kan dandali, daga layi na uku ba mai bambanta tsoho da sabo, amma kowa zai ga in mutum ɗaya ya fita daban. Zaren da ya shekara tamanin ba ya jure ɗaga hannu a sara wa kumandan sau ashirin a maimaici. Zufa tana cin tsohon ulu, kuma wanda ya san zafin Yamai a watan Afrilu, lokacin da awo ke wuce 40, ya san abin da zai faru da yaron da aka naɗe cikin kayan hunturun Turai. A dare ɗaya za a kashe abin da ya tsira daga gara shekara da shekaru. Ƴan wasan kara na Damagaram da karan dawa suke ƙera bindiga da tabarau su kwaikwayi manya, ba wanda ya taɓa cewa wasansu bai shiga jiki ba.

Inda ƴan wasa ke faɗuwa ba a tsufan yadi ba ne, a rashin bincike ne. Ku fara tsayar da shekara da wuri. Wasan da ya shafi dawowa gida a 1945 ko 1946 yana son kaya gauraye, wani da rigar Amurka, wani da tsohon kakin Faransa, wani da kwat a kan wandon gida, don haka suka dawo. Ku nemo tsoffin hotuna ku kai wa tela ya gani da idonsa, ku ƙirga maɓallai tare, ku duba tsayin riga da yanayin wuya. Ku sayi kakin auduga mai kauri, ku guji tergal don ƙyalli yake yi a ƙarƙashin fitila. A wanke sau uku ko huɗu a shanya a rana kafin ranar wasa. Jar ɗamarar a yi ta doguwa yadda za ta zagaye ƙugu fiye da sau ɗaya, ƙyallen ƙafa kuma a koyi naɗa shi daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, don wanda bai iya ba yana tafiya yana warwarewa. Maƙeran tagulla na gidan tarihi na Boubou Hama ko na Wadata za su zuba muku maɓallai in kun ba su samfur, masu aikin ƙarfe na Katako kuma da ke mayar da gwangwani tukunya ba za su kasa buga hular kwano ba. Kuɗin da aka nema a kan riga ɗaya ta dillali, in aka juya shi nan, zai yi nisa wajen tufatar da duka taran.

Abu ɗaya na roƙe shi: kowace riga a rubuta mata shekarar ɗinki da sunan ƙungiya a ciki da tawadar da ba ta fita. Kayan wasa masu kyau, in suka sha rana da zufa shekara goma suka ɓace daga ma'aji, su ne gobe ake shimfiɗawa a kasuwa da sunan na tirayer.

Akwai kuma abin da bai kamata a yi wasa da shi ba a halin da ƙasa ke ciki. Sa kayan soja ko lambar girma ba da izini ba laifi ne a doka, kuma jami'in da ke shingen bincike da dare ba zai tsaya tantance kakin 1944 da na bana ba. Kayan wasa a jaka suke tafiya, a sa su a bayan dandali, a tuɓe a can. A sanar da hukuma kafin wasa, musamman in a fili za a yi. Bindiga ta katako ce kawai, ko da wani ya ce akwai tsohuwar Lebel da ta mutu a ɗakin kakansa. Addar ma a yi ta katako a shafa mata fenti.

Mai tara kaya kuma ya sani saye shi ne ɓangare mai arha. Kada ka wanke, kada ka kai wa mai guga, kada ka goge maɓalli ya yi ƙyalli, don duhun nan da kake gogewa yana cikin shaidar. Kada ka rataye tsohuwar riga a ƙusa, nauyinta zai yaga kafaɗa. A kwantar da ita cikin farin ƙyallen auduga wankakke, a adakar ƙarfe da aka ɗora kan dutse ko benci nesa da bango, ba cikin leda ba, don leda tana riƙe laima a damina. Kafur ko busasshen ganyen bedi a ƙulle su a ƙyalle daban, kada su taɓa yadin. A buɗe a duba kafin damina da bayanta. Takardu kuma a ɗauki hotonsu tun ranar farko, kada a kai su a manne da roba mai zafi kamar katin shaida, wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne shiga gidan mutane. Mazan nan sun dawo an yi musu rowa. Waɗanda suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar an buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944, fanshonsu kuma dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da shi, ba a fara daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Gidan da ya riƙe littafin nan shekara saba'in yana jiran haƙƙi, bai kamata a zo a karɓe shi da kuɗin buhun hatsi ba don an same su cikin matsi. Na ce wa abokina in iyali ba su da niyyar sayarwa, ya roƙi hoto da labari, ya rubuta sunan mutumin da garinsu da abin da ƴaƴansa suka ji daga bakinsa. In kuma sun yarda su sayar, a yi a gaban manyan gida, a rubuta, a bar musu kwafin komai.

Ya bi shawarar rabi da rabi. Bai sayi kayan dillalin ba, sai dai ya karɓi maɓallai biyu don ya ce hannunsa ba ya iya dawowa wayam. Bayan sallah ya tafi wani gari a arewacin Tawa inda aka ce masa akwai matar wani tsohon soja da ta rage. Ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta sa jikarta ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Babu riga, babu hula. Akwai littafin aikin malam naɗe cikin tsumma uku, da hoto ɗaya da ya koɗe, da wani dogon jan ƙyalle da ya sha wanki har ya koma kalar ƙasa, gefensa duk ya zare. Ya ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce ɗamarar malam ce da ya dawo da ita daga Indoshin, da ita ta goyi ƴaƴanta bakwai. Ta bar shi ya ɗauki hoton littafin shafi-shafi, ta karɓe abinta ta naɗe, ta ce wa jikar ta mayar da adakar inda take.